Allurar Sinawa: a bar ta kan ciwon baya, a raba ta da hawan jini

Akwai wani irin talla da mutum kan ci karo da shi yanzu a manyan garuruwanmu, wani lokaci a allon bakin titi, wani lokaci a saƙon da aka turo ta WhatsApp. Hoton bayan mutum ne an jera masa siraran allurai, a ƙasa kuma ga jerin cututtuka: ciwon baya, ciwon gwiwa, hawan jini, ciwon suga, shanyewar ɓarin jiki, rashin haihuwa, raunin mazakuta, asma, basir, wasu har da ciwon daji. Sai a rufe da cewa Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince.

A cikin wannan jeri, biyun farko suna da ƙamshin gaskiya, kuma zan kare su. Sauran kuwa cin amanar marar lafiya ne, ko mai tallan ya sani ko bai sani ba. Abin da ke damuna shi ne mutanenmu sun rabu gida biyu a kan akufanca, wato jinyar tsira allura ta Sinawa: masu cewa tsafi ne da yaudara, da masu cewa ai babu cutar da ta gagare ta. Duka ɓangarorin biyu ba su duba abin da aka gano ba, alhali ƙalilan ne cikin magungunan gargajiyar duniya aka gwada su kamar yadda aka gwada wannan.

Ga wanda bai taɓa gani ba, allurar ba irin ta asibiti ba ce. Ba ta da rami, babu ruwan magani a cikinta, kuma siririya ce ƙwarai, kaurinta bai kai rabin milimita ba. Mai jinyar zai fara da tambayoyi: barci, cin abinci, bayan gida, inda ciwon yake da lokacin da yake tashi. Zai duba harshe, ya riƙe wuyan hannu yana sauraron bugun jini. Sannan ka kwanta, ya goge wurin da sifirit, ya ɗora wani ɗan bututun roba a fata, ya ƙwanƙwasa kan allurar da yatsa ta shige. Yakan ɗan murza ta har ka ji wani nauyi ko tsami a wurin. Haka zai bi, goma ko ashirin, a baya, a ƙafa, a hannu, wani lokaci a kunne. Sai a bar ka kwance minti ashirin zuwa talatin. Wasu suna haɗa alluran da 'yar wutar batir, wasu kuma suna ƙona busasshen ganyen wani tsiro dangin tazargade kusa da fata don ɗumi.

Bayanin da tsofaffin likitocin Sin suka bayar shi ne akwai wani ƙarfi da suke kira chi yana gudana a jiki ta wasu hanyoyi, goma sha biyu manya da biyu a tsakiya, in ya toshe sai cuta ta samu, allura kuma ta buɗe shi. An ƙidaya wurare 361 a kan waɗannan hanyoyi. Masu feɗe jikin ɗan Adam sun ga jijiyoyi, sun ga hanyoyin jini, amma babu wanda ya taɓa ganin hanyar chi. Abin da aka iya nunawa tun shekarun 1970 shi ne sukar fata da tsoka tana taɓa jijiyoyi, har jiki ya saki sinadaran rage zafi nasa na kansa, waɗanda ake kira endofin.

Masu talla suna son cewa shekara dubbai Sinawa suna riƙe da ita ba su taɓa saki ba. Tsufa kam ta tsufa, rubutunta ya haura shekara dubu biyu. Amma a 1822 sarkin Sin da kansa ya hana koyar da ita a makarantar likitocin fada. A 1929 gwamnatin lokacin ta yi yunƙurin soke maganin gargajiya gaba ɗaya, sai da masu sana'ar suka yi bore aka janye. Shugaban Sin Mao Zedong ne ya farfaɗo da ita bayan 1949, kuma dalilinsa a fili yake: ƙasa mai ɗaruruwan miliyoyin mutane, likitocin zamani 'yan kaɗan, kuɗin magani babu. Allura kuwa ba ta ƙarewa, kuma ana iya koya wa matashin ƙauye ita cikin 'yan watanni.

Yadda ta shiga Turai da Amurka ma abin lura ne. A watan Yulin 1971 wani ɗan jaridar New York Times mai suna James Reston yana Beijing sai afendis ya kama shi. Aka yi masa tiyata irin ta zamani, da allurar kashe zafi irin ta zamani. Daga baya cikinsa ya kumbura yana damunsa, sai wani likita ya tsira masa allurai uku a gwiwar hannu da ƙasan gwiwoyi, ya ce ya ji sauƙi. Ya rubuta labarin, jaridar ta buga a shafin farko. Kafin a ce kwabo labari ya canza a bakin mutane, ya koma wai an feɗe Ba'amurke da allurar Sinawa kaɗai ba tare da ya ji komai ba. Watanni kaɗan bayan haka Shugaba Nixon ya je Sin, kasuwa ta buɗe. Mu a Afirka ta hannun tawagogin likitocin da Sin ke turowa ta fi iso mana. Sun fara da Aljeriya a 1963, Nijar ma ta fara karɓarsu tun shekarun 1970, kuma akan samu mai tsira allura a cikin tawagar. Shi ya sa wasu dattawan Nijar da Sudan da Kamaru suka riga 'yan Najeriya saninta.

To yanzu ga inda maganar take. A farkon shekarun 2000 kamfanonin inshorar lafiya na Jamus suka gaji da biyan kuɗin abin da ba su san ko yana aiki ba, sai suka ɗauki nauyin manyan gwaje-gwaje. A na ciwon baya, wanda aka wallafa a 2007, an ɗauki mutum 1,162 da suka daɗe suna fama, aka raba su kashi uku. Kashi na farko aka yi musu akufanca ta gaske, yadda littafi ya ce. Kashi na biyu aka yi musu ta bogi: a tsira allurar sama-sama, a wuraren da babu su a taswirar Sinawa. Kashi na uku aka ba su abin da asibiti ya saba bayarwa, ƙwayoyi da gashi da motsa jiki. Bayan wata shida aka duba. A masu ta gaske, kashi 47.6 cikin 100 sun samu sauƙi. A masu jinyar asibiti, kashi 27.4 kacal. Masu ta bogi fa? Kashi 44.2.

A tsaya a kalli waɗannan lambobi uku da kyau, domin kowane ɓangare yana ɗaukar biyu ne ya ɓoye ɗaya. Mai talla zai ce allura ta kusa ninka asibiti, kuma bai yi ƙarya ba. Mai suka zai ce ta bogi da ta gaske duk ɗaya, shi ma bai yi ƙarya ba.

Wasu suka ce ai ta bogin ma an huda fata, don haka ba bogi ba ce sosai. Sai aka yi wani gwajin a Amurka, aka wallafa a 2009, da mutum 638 masu ciwon baya. A nan wani rukuni ko huda su ba a yi ba. Mutum zai kwanta rub da ciki, a rufe masa ido, a sa tsinken sakace a cikin bututun allurar, a ƙwanƙwasa shi a fatar baya, a ɗan murza, bayan wani lokaci a yi kamar ana zarewa. Bayan mako takwas, kusan kashi 60 cikin 100 na waɗanda aka yi wa allura sun samu sauƙin da ake iya gani a harkokinsu, waɗanda aka yi wa tsinken sakace ma haka, waɗanda aka bari da jinyar da suka saba kuwa kashi 39.

Daga baya wasu masana suka tattara bayanan marasa lafiya sama da 20,000 daga gwaje-gwaje 39, suka fitar da sakamako a 2018. Sun ce a ciwon baya da wuya, da ciwon gwiwa na tsufa, da ciwon kai mai naci, da ciwon kafaɗa, ta gaske ta ɗan fi ta bogi, amma tazarar ƙarama ce. Babbar tazarar tana tsakanin wanda aka yi wa wani abu da wanda ba a yi wa ba.

Ni abin da na fahimta daga nan shi ne taswirar nan mai wurare 361 ba ita ce ke aikin ba, ko kuma rabonta a aikin kaɗan ne. Mafi yawan sauƙin yana zuwa ne daga abin da ke kewaye da allurar: wani ya zauna ya saurare ka rabin awa, ya taɓa inda ke maka ciwo, ka kwanta shiru ba waya ba hayaniya, ka dawo sau goma kana sa ran warkewa. Ƙwaƙwalwa ce ke auna zafi, kuma tsoro da damuwa da fid da rai suna ƙara masa ƙarfi. Wannan ba raini ba ne ga mai ciwo, ba kuma cewa ake ciwonsa na ƙarya ne ba. Zafin gaske ne, sauƙin ma na gaske ne.

Hukumomin lafiya na ƙasashe ma ba su haɗu a kan magana ɗaya ba. Jamus, bayan ta ga sakamakon nata, ta yarda inshorar gwamnati ta biya, amma a kan ciwon baya da ciwon gwiwa masu naci kawai. Birtaniya, ta bakin NICE, hukumarta mai tantance hanyoyin jinya, ta ce a 2016 kada a bayar da ita don ciwon baya, a 2022 ta faɗi haka a kan ciwon gaɓɓai na tsufa, amma ta yarda da ita don rigakafin ciwon kai mai yawan dawowa har zama goma, a 2021 kuma ta ce ana iya gwada zagaye ɗaya ga mai ciwon jiki mai naci da ba a gano musabbabinsa ba. Amurka, a shirinta na Medicare na tsofaffi, ta fara biya a 2020 don ciwon baya mai naci, zama 12 cikin kwana 90, a ƙara 8 in ana samun sauƙi. Akwai kuma batun tashin zuciya da amai bayan tiyata ko bayan maganin ciwon daji, inda wani wuri a cikin wuyan hannu ya daɗe yana samun goyon bayan bincike. Sun saɓa da juna, gaskiya ne. Amma a lura da inda saɓanin ya tsaya: duk gardamar a kan zafi ne da tashin zuciya. Babu ɗaya a cikinsu da ke biyan kuɗin allura don ciwon suga.

Wani zai ce to in tsinken sakace ma yana yi, me ya sa nake kare ta? Saboda na san abin da mai ciwon baya yake sha a nan in bai samu wani abu ba. Ɗan dako a Kwari ko Dawanau, direban tirela, telan da ke duƙe kan keke tun safe, tsohuwar da gwiwa ta hana ta sujada sai a kan kujera: kemis za su je. Za a haɗa musu diklofenak da ibufurofen, wani lokaci har da ƙwayar da ke kumbura fuska, su yi ta sha wata da watanni ba likita ba gwaji. Ƙarshenta gyambon ciki, ko ƙoda ta taɓu, a koma neman kuɗin wankin ƙoda. Wanda kuma ya faɗa hannun tiramol, wannan kowa ya san labarinsa. Binciken shan ƙwaya na ƙasa da aka yi a Najeriya a 2018 ya ƙiyasta mutum miliyan 4.6 suna shan irin waɗannan magungunan kashe zafi masu sa maye ba bisa umarnin likita ba, kuma ba duka ne suka fara don nishaɗi ba, akwai waɗanda ciwon jiki da aikin ƙarfi suka kai su. In aka ajiye min allurar da ba ta taɓa ƙoda, ba ta kama mutum, a gefe guda kuma ga wannan, ba sai na yi dogon tunani ba. Ko da rabin aikinta sauraro ne da kwanciyar hankali, ai sauraron ma magani ne da ya yi ƙaranci a asibitocinmu, inda likita ɗaya zai ga layin mutane tun safe har azahar, kafin ka gama gaisuwa ya gama rubuta takarda. Ba laifin likitan ba ne, yawa ne ya yi yawa.

Sai dai wannan dalilin da ya sa nake kare ta a kan zafi, shi ne ya sa nake jin tsoronta a kan sauran cututtuka. Akwai wani ɗan ƙaramin gwaji da masu bincike na Jami'ar Harvard suka wallafa a 2011 wanda ya kamata duk mai tallan allura ya haddace. Masu asma ne, kowannensu aka bi da shi hanyoyi huɗu a ranaku daban-daban: abin shaƙa na gaske irin Ventolin, abin shaƙa na bogi, allurar bogi, da zama kawai ba a yi komai ba. Da aka tambaye su yaya suka ji, sauƙin da suka faɗa kusan ɗaya ne: kashi 50 da maganin gaske, 45 da abin shaƙar bogi, 46 da allurar bogi. Amma da aka sa su hura iska a na'urar auna numfashi, maganin gaske ya buɗe huhu da kashi 20, sauran duka kashi 7. Wato mutum ya rantse maka ya ji sauƙi, kuma gaskiya yake faɗa, alhali hanyar numfashinsa tana nan a matse.

A ciwon baya, jin sauƙi shi ne abin da ake nema. A asma, jin sauƙin da bai kai huhu ba yana iya sa mutum ya bar abin shaƙarsa a gida ranar da hazo ya sauko. Hawan jini ya fi wannan haɗari, domin shi dama ba ya ciwo. Mutum zai je a tsira masa allura, ya yi barci mai daɗi, kansa ya saki, ya ce alhamdulillahi na warke, ya ajiye ƙwayarsa. Jinin yana nan yana hawa har ranar da za a tashe shi baki ya karkace. Masu bitar bincike na Cochrane, wata ƙungiyar masana da ke tace sakamakon gwaje-gwajen lafiya, sun duba gwaje-gwajen da aka yi a kan wannan a 2018, ba su samu hujjar cewa allura tana saukar da jini saukarwa mai ɗorewa ba. Ciwon suga ma haka, abin da na'ura ta nuna shi ne magana, ba abin da jiki ya raya ba.

Batun haihuwa ya fi ba ni takaici, domin a nan ne kuɗi ya fi fita, kuma mata ne ke ɗaukar nauyin. Matar da ta shekara biyar ba ta haihu ba, dangin miji sun fara magana, ana raɗe-raɗin kishiya, wannan ko me aka ce mata za ta gwada. Wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. An gwada, kuma ba maƙiyan Sin ne suka gwada ba. A cikin Sin ɗin kanta aka ɗauki mata 1,000 masu matsalar ƙwai da likitoci ke kira PCOS, aka wallafa sakamakon a 2017. Waɗanda aka ba kulomifin, wanda matanmu suka fi sani da Clomid, kashi 28.7 sun haihu, masu ƙwayar bogi kashi 15.4. Allura kuwa, ta gaske kashi 21.8, ta bogi 22.4. A Ostareliya da New Zealand aka sake gwadawa da mata 848 da ake yi wa dashen IVF, wato haɗa ƙwai da maniyyi a waje a dasa a mahaifa, a 2018: masu allurar gaske kashi 18.3 sun haihu, masu ta bogi 17.8. Babu bambanci. Macen da ta kashe shekara biyu da kuɗin sarƙarta a kan allura, shekarun ba za su dawo ba, kuma ta yiwu matsalar toshewar bututun mahaifa ce, ko ma tana wajen maigidan da ya ƙi zuwa gwaji.

Shanyewar ɓarin jiki tana da nata ruɗin. Mafi yawan dawowar da hannu ko ƙafa za su yi, a watannin farko suke yi, kuma duk wanda ke riƙe da marar lafiya a lokacin shi ake gode wa. Abin da aka tabbatar yana taimakawa shi ne gashi da motsa gaɓɓai da riƙe jini kada ya sake hawa. In mutum yana yin waɗannan ya ƙara da allura, ban ce masa komai ba. In ya musanya, an cuce shi.

Ita kuma maganar "Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince", tana da asali, shi ya sa take da wuyar kashewa. A 1979 an yi wani taro a Beijing ƙarƙashin hukumar, aka fitar da jerin cututtuka 43 da mahalarta suka ce ana amfani da allura a kansu. Jerin ya dogara ne da abin da masu sana'ar suka ce sun gani, ba da gwaji ba. Shi ne ake ta kwafa har yau. A 2019 hukumar ta sa babi na maganin gargajiyar gabashin Asiya a kundinta na sunayen cututtuka, kuma ta bayyana cewa don ƙididdiga ne, ba shaidar inganci ba ne. UNESCO ta sa akufanca cikin kayan gadon al'adun duniya a 2010, amma UNESCO ba asibiti ba ce, al'ada take karewa. Abin da hukumar lafiyar ta faɗa da bakinta kwanan nan shi ne a ƙa'idojinta na 2023 kan ciwon baya mai naci, inda ta ce ana iya gwada allura cikin sauran hanyoyi, tare da bayyana cewa hujjar ba ta da ƙarfi sosai. Mun sake dawowa kan ciwon baya ke nan.

Ba ƙyamar abin Sinawa ba ce, ba kuma ƙyamar gargajiya ba. Maganin zazzaɓin cizon sauro da muke ba 'ya'yanmu yau, irin su Coartem, daga tsohon littafin maganin Sin aka samo bakin zarensa. Wata masaniya 'yar Sin mai suna Tu Youyou da abokan aikinta sun bi ɗaruruwan tsirrai, suka watsar da waɗanda ba su yi ba, suka fitar da sinadarin maganin, atimisinin, a farkon shekarun 1970, ta samu kyautar Nobel a 2015. An gwada shi, ya kashe ƙwayar cutar a jinin Bahaushe kamar yadda ya kashe ta a jinin Basine, ko mutum ya yarda da shi ko bai yarda ba. Sikelin da aka auna shi da shi, da shi aka auna allura. Wani bita da aka yi a 1998 ya lura cewa duk gwaje-gwajen akufanca da ya duba daga Sin da Japan da Taiwan da Hong Kong sun ce tana aiki, babu ko ɗaya da ya ce a'a. Babu maganin da ke cin kowace jarrabawa. In aka ga haka, to waɗanda suka faɗi ne ba a buga ba.

A hannun wanda ya iya, haɗarinta kaɗan ne. Wani bincike a Jamus ya bi mutum sama da 229,000, abin da aka fi samu ɗan jini ne ko tabo ko jiri, mutum biyu kuma allura ta huda musu huhu. Amma wannan Jamus ce, likitoci ne suka yi, da allura sabuwa fil daga leda. Mu a nan binciken ƙasa na 2018 ya nuna kusan kashi 8 cikin 100 na manyan Najeriya suna ɗauke da ciwon hanta nau'in B, yawancinsu ba su sani ba, kuma wannan cuta ta fi ƙanjamau saurin bin allura. Mun sha wahala kafin wanzamai da masu ƙaho da masu yankan farce su karɓi maganar reza ɗaya mutum ɗaya, har yanzu ma ba a gama ba. Duk wanda ya ga an ciro allura daga kwalbar sifirit ba daga sabuwar leda ba, ya ɗauki takalminsa. Mai shan maganin tsinka jini da mai juna biyu su faɗa tun kafin a fara, mai na'urar bugun zuciya kuma kada a haɗa masa wutar batir.

Haɗarin da ya fi huda huhu yawa shi ne jinkiri. Ba kowane ciwon baya ne gajiya ba. A ƙasarmu tarin fuka yana cin ƙashin baya, ciwon dajin mafitsara na maza yana bin ƙashi, mai sikila yana da nasa. Ciwon bayan da ya zo da zazzaɓi, ko rama, ko zufar dare, ko ƙafa tana mutuwa, ko fitsari yana zuba ba a sani ba, wannan ba na allura ba ne, na hoto ne da gwajin jini, yau ba gobe ba. Mai tsira allurar da bai san waɗannan alamomi ba zai rage wa mutum zafi na 'yan makonni, ƙashin yana ci gaba da rubewa.

Saboda haka ni inda nake son in gan ta shi ne cikin asibiti, a sashen gashi, inda likita ya riga ya duba ya ce ba wani mugun abu ba ne, kuma a haɗa ta da motsa jiki, don shi ne ke hana ciwon dawowa. Asibitocin koyarwa da asibitin ƙashi irin na Dala su ne suka fi dacewa su riƙe wannan, su rubuta wanda ya samu sauƙi da wanda bai samu ba, mu ma mu samu lambobinmu maimakon na Jamusawa. Wanda kuma zai buɗe nasa wurin, a san inda ya yi karatu da tsawon lokacin da ya yi, ba takardar kwas ɗin mako biyu a intanet ba. Hukumomin da ke sa ido kan asibitoci masu zaman kansu a jihohi su riƙa leƙawa suna duba alluran da kwandon zubar da su. Gidajen rediyo kuma, waɗanda ke karɓar kuɗin talla suna barin mutum ya yi rabin awa yana lissafa cututtukan da yake warkarwa, su ma a tambaye su. Wanda ya ce yana warkar da suga ko daji ko rashin haihuwa da allura, a nemi ya kawo hujja, in babu a sauke allon.

Shi kuma mai ciwon da ya yanke shawarar gwadawa, ya yi ciniki tun farko kan adadin zama, kada ya yarda da "sai ka warke". Ya zaɓi abin da zai auna da shi wanda ba ya ruɗi: zan iya ruku'u ba tare da dafa gwiwa ina nishi ba? Zan iya takawa zuwa masallaci in dawo? Kwana nawa ciwon kai ya kama ni a wannan watan, nawa a wancan? Ƙwaya nawa na sha? Ya ci gaba da shan maganin jininsa da na sugansa, ya kuma gaya wa likitansa abin da yake yi. In an yi zama shida ko takwas babu abin da ya motsa, ya tsaya haka nan, ko da mai allurar ya ce saura kaɗan. A dokar Medicare ta Amurka ma haka aka rubuta: in marar lafiya ba ya samun sauƙi, ko yana ƙara baya, dole a dakatar.